Abin da Ke Bayan Hoton Mai Gilashi

"To ai shi ya sa na ce Mai Gilashi ne a sama, Baba," in ji Malama, tana ƙwanƙwasa takardar hannunta da gindin biro. "Kwamiti ya zauna ya auna. Makarantu, asibitoci, wutar lantarki, matan da suka shiga aiki. Babu wanda ya kamo ƙafarsa."

"Na ji," in ji Baba Kafinta. "Mai Sanda fa?"

"Shi ne na ƙarshe."

"Madalla. Shi ne ya ce a yi masa firam ɗin da ya fi ƙofa faɗi. Sai da muka cire taga kafin ya shiga. Ranar fitarsa kuwa, ta ƙofar ya bi, don na rage masa kafaɗa."

Malama ta yi dariya. Ita ce shugabar ɗakin karatun garin, ita kuma ta kawo shawarar a fito da hotunan tsofaffin shugabannin ƙasa daga sito, a jera su a bangon zaure gwargwadon ci gaban da kowa ya kawo. Washegari za a buɗe wa jama'a.

Shekara arba'in da ɗaya Baba Kafinta ya yi a ginin nan, yana gyaran kujeru da kantocin littattafai. Duk sa'ad da mulki ya sauya hannu, shi ke hawa tsani ya sauke wancan ya rataya wannan. Bakwai ya rataya, shida ya sauke. Yana da nasa ma'aunin: Dogo ya jawo famfo har tsakar gida amma ya rufe jaridu, Mai Tari bai gina komai ba, bai kuma ɗaure kowa ba. A sito yakan jingine su fuska ga bango, don a cewarsa manya ba sa son haɗa ido.

"Mahaifiyata tana cikin 'yan matan farko da suka shiga makarantar da Mai Gilashi ya buɗe," in ji Malama. "Ba don shi ba, da ko bihim ban sani ba."

"Gaskiyarki, 'yata."

Ya ɗauki makulli ya bi baranda. Siton yana can ƙurya, babu taga, sai warin danshi da tsohuwar takarda. Rana tsaka ce, amma sai da ya kunna ƙwan lantarki. Firam shida suna tsaye sun ba shi baya. Ya san na Mai Gilashi ba tare da ya juya shi ba, domin shi kaɗai ya yi wa ƙusa goma sha biyu maimakon takwas.

A zamanin Mai Gilashi, Baba Kafinta yana da ƙane mai aikin haɗa baƙaƙe a wata maɗaba'a. Wata safiya mota ta tsaya ƙofar gidansu, aka ce ya zo ya amsa tambaya biyu. Har yau bai gama amsawa ba. Bayan kwana uku masu motar suka dawo suka kwashe duk takardar da ke gidan, har hotuna, kamar masu son a ce ba a taɓa haifarsa ba. Hoto ɗaya ya tsira a aljihun Baba Kafinta, ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Ya rasa inda zai kai shi. Sai ya tuna wuri guda a ƙasar nan da babu mai iya sa hannu ya bincika. Ya ɓalle kwalin bayan hoton shugaba, ya sa ƙanensa a kusurwar ƙasa ta hagu, ya mayar ya buga. Uwarsu ta rasu bai gaya mata ba. Bayan an sauke mutumin ma bai buɗe ba. Kullum cewa yake sai ƙura ta lafa, har shekara talatin da huɗu.

Ya juyo firam ɗin, ya share gilashin da hannun riga.

Mai Gilashi yana nan da murmushinsa. Amma a ƙirjinsa, kan farar riga, akwai wata ƙaramar fuska mai launin ƙasa, kamar wadda ta taso daga ƙarƙashin ruwa. Danshi ya janyo ta ta ratso takarda. Wannan ya gane. Abin da bai gane ba, a ƙasa ya ajiye hoton, kuma a iya saninsa na kafinta, abu zamewa yake yi ƙasa, ba ya hawa. Ban da haka, ranar da aka ɗauki hoton, ƙanen nasa gefe yake kallo, wani ya ba shi dariya. Wannan fuskar shi take kallo, kuma ba dariya.

Ya zauna kan akwati. Sannan ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kwalin. Ƙaramin hoton ya manne da bayan babban, daidai ƙirji. Ya sa reza a hankali ya ɗaga gefe. Fari fat. Fuskar ta bar takardarta tun tuni, ta koma cikin ta shugaba. In ya ja, ya rasa ta.

Hanya biyu ta rage. Ya naɗe hoton ya kai gida, ya ce gara ta cinye, babu mai musa wa tsoho. Ko ya kai shi inda aka ce.

Ya mayar da ƙusoshin. Ya rungumo firam ɗin zuwa zaure, ya jingine shi gaban Malama.

Ta sunkuya, ta sa yatsa kan gilashin, ta janye da sauri.

"Baba, wannan tabon… za a iya gogewa?"

"Daga ciki yake."

"Kamar mutum."

"Mutum ne. Ƙanena." Ya gaya mata a taƙaice, kamar mai ba da awon katako. "Shi ma a makarantar da mutumin nan ya gina ya koyi karatu. Ba don shi ba, da bai iya haɗa baƙaƙen da suka sa aka zo ɗaukarsa ba."

Malama ta daɗe tana duban takardar kwamiti.

"Lissafin dai bai canja ba, Baba," ta ce a hankali. "Wurinsa na sama ne."

"Ban ce ya canja ba. Riƙe mini tsani."

Ta riƙe da hannu biyu. Ya hau, ya rataya, ya daidaita, ya sauko. Ta ja da baya har bakin ƙofa, inda masu shigowa za su fara tsayawa. Daga nan murmushin shugaba bai fito sosai ba saboda hasken da ke dukan gilashin, amma ƙananan idanun suna nan sarai. Ta matsa dama, ta matsa hagu, sannan ta daina gwadawa.

"Me zan ce wa masu tambaya?"

"Ki turo su wurina, ina baya."

Ya saɓa tsani a kafaɗa. Gara ta ci ƙafar firam ɗin Dogo, sai an sake masa katako kafin yamma. Ya bi baranda ya nufi wajen zarto.