Wato Ni Ce Aljanar

Muryar Innata wuri ɗaya ta rage mini a duniya, cikin wani wasan kwamfuta mai ban tsoro da na haɗa a shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Samaru. Wasu iyayensu sun bar musu awarwaro, wasu bidiyon biki. Ni kuwa in ina son jin uwata, sai na wuce dodanni biyu tukuna.

Furojet ɗina ne na kammala karatu. Masu hankali a ajinmu duk sun zaɓi abin da ba zai ba su ciwon kai ba, manhajar rajistar ɗalibai, manhajar kantin magani. Ni da shegen iyayi na ce gem zan haɗa, kuma mai ban tsoro, irin wanda mutum zai buga ya kasa shiga banɗaki shi kaɗai. Malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai farin gemu da bai cika magana ba, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "To. Ki sani dai, in bai ba ni tsoro ba, ba ki yi abin da kika rubuta za ki yi ba." Na ce na ji, Malam. A raina cewa nake, bari dai ka gani.

Wata huɗu ina kwaikwayon abin da nake gani a wasannin Turawa. Dogon lungu mai duhu, jini a bango, ƙwan lantarki yana kawowa yana ɗaukewa, sai dodo mai haƙora ya faɗo daga sama. Na kai wa Malam ina taƙama. Ya buga kamar mai duba jarida. Da ƙwan ya fara ƙyafta ido sai ya ce, "Wannan ai wutar unguwarmu ce." Da dodon ya faɗo, sai ya matso kusa da allon ya tambaye ni ko rago ne. Ya rufe kwamfutar ya ce saura mako uku a zauna a kan aikin, in ban gyara ba zan maimaita shekara. Na fito ina jin kamar in tsinke da kuka a gaban ofishinsa.

Ran Juma'a na hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari. Gidanmu a Jushi yake, kuma tun rasuwar babanmu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Inna take riƙe da shi. Na same ta a tsakar gida. Don in huce haushi na buɗe mata wasan, na ce ko ita za ta razana, tunda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba.

Ta kalli dodo na biyu da kyau ta ce, "Wannan bawan Allah yunwa yake ji." Ta kalli jinin ta ce, "Wa zai wanke bangon nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna. To ke me ke ba ki tsoro a duniya?"

Na zata za ta ce Allah, ta rufe zancen. Sai ta ajiye muciya ta ba ni labari. Wai kafin a haife ni, wata rana da tsakar rana ta je gidan wata maƙwabciya aron rariya. Ta yi sallama daga zaure, aka amsa mata daga ciki, murya sarai, aka ce ta shigo. Ta shiga. Tsakar gida fayau, ɗakuna duk da kwaɗo, murhu ya yi sanyi. Da ta fito aka gaya mata mutanen gidan sun yi mako guda a ƙauye wurin zaman makoki.

Na ce, "To me kika gani?"

Ta ce, "Ban ga komai ba. Ai da na ga wani abu da da sauƙi. Takalmina ma a can na baro shi."

Tsigar jikina ta tashi, da rana tsaka, ga kaji suna kiwo a gabana. Nan take na gane wata huɗu na yi ina wahalar da kaina. Mutumin da ya girma da ɗaukewar wuta ba ya tsoron duhu, kuma wanda yake ganin layya duk shekara jini ba ya tayar masa da hankali. Amma kowa a cikinmu yana yin sallama sau goma a yini, bai taɓa tunanin wa ke amsawa ba.

Na ciro waya na ce ta amsa mini sallama in ɗauka. Ta ce, "Wace sallamar? Wa ya yi?" Na ce ta dai faɗa kawai. Ta gwada sau biyu, ta fito kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ta ture wayar ta ce ita ba za ta zauna tana amsa sallamar da ba a yi ba, kamar wadda ta taɓu. In ina so, in fita in shigo kamar mutane.

Na ɗora wayar a kan turmi, na fita ƙofar gida na tsaya. Na daɗe da gangan, har na tabbata hankalinta ya koma kan tukunya. Sannan na yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Ke ce? Shigo mana, abincinki na nan a rufe."

Haka muryar ta shiga wayar, da ƙarar ludayi, da waƙar 'yan cocin bayan gidanmu can ƙasa-ƙasa suna gwaji. Da na yi mata bayanin inda zan sa muryar, ta riƙe haɓa ta ce, "Wato ni ce aljanar. Na haife ki, na sayar da ƙuli na kai ki jami'a, sakayyar ke nan." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in an ba ni maki mai kyau rabi nata ne.

Dodannin biyu na bar su, don babu lokacin cire su. Na ƙara mataki na uku. Rana tsaka, haske tar, wani gidan ƙasa a ƙarshen lungu. Mai wasa zai leƙa ta katanga ya ga ciyawa ta cinye tsakar gida, ƙofofi duk da kwaɗo, babu ko kaza. Ba zai iya shiga ba sai ya danna maɓalli ya yi sallama.

Ranar zama a kan aikin, Malam ya wuce ragonsa yana murmushi. Ya iso gidan, ya leƙa, ya danna. Inna ta amsa. Na ga ya janye hannuwansa daga kan kwamfutar a hankali, leɓensa yana motsi, kuma na san a'uziyya yake yi. Na ce, "Malam, ka shiga mana." Ya ce, "Ba zan shiga ba." Allah ne ya rufa mini asiri, domin ban gina cikin gidan ba. Bayan ƙofar nan babu komai, ko bango.

Gyara ɗaya ya ba ni. Ya ce kada ta riƙa amsawa kullum, a bar mutum yana tsaye bai san ko za a amsa ba, nan tsoron yake. Na ga hikimar abin, na yi ta yaba masa. Na rubuta layi uku: wani lokaci ta amsa, wani lokaci shiru, in shiru ne kuma wasan ya mayar da kai farko. Na ci jarrabawa da maki mai kyau. Na kai wa Inna rabinta a baki, da turmin atamfa.

Shekara guda bayan na gama bautar ƙasa ta rasu, ciwon kwana huɗu. Da aka share makoki muka shiga neman abin da ya rage. Hotuna kaɗan, duk ta kau da kai. Ba ta taɓa aika saƙon murya ba, ita kira take yi ta faɗi abin da ke bakinta ta kashe. Wayar da na yi ɗaukar da ita ta daɗe da faɗawa bokitin wanki. Sai wasan.

Yayana ya ce in ciro muryar daga ciki in tura wa kowa, ai aikina ne. Gaskiyarsa, minti biyar ne. Na ciro, na danna, sai na ji ta tana amsa sallamar da ba wanda ya yi, na sake dannawa ta sake amsawa. Kunya ta kama ni kamar na sa ta abin da ta ce ba za ta yi ba. Na tura masa tasa, na goge tawa.

Yanzu da lokacin hutun azahar nake bugawa a ofis, in abokan aiki sun fita cin abinci. In wuce rago, in wuce bawan Allah mai jin yunwa, in tsaya a ƙofar gidan. Da bakina nake yin sallamar kafin in danna. Sai in jira. Malam ya yi gaskiya, ban taɓa jin tsoron wani abu a wasa ba kamar wannan ɗan jiran, kuma shirun ni na rubuta shi da hannuna, har aka ba ni maki a kansa. Zan iya goge layin ukun, amma duk lokacin da na buɗe su sai in ga kamar zan tilasta mata ne.

Jiya sau biyar ina sallama ba a amsa ba. A na shida ta ce in shigo, abincina na nan a rufe. Ni kuwa ban gina cikin gidan ba.