Waken Maraɗi da hawan jinin yayana

Ladan bai rufe baki ba muka bar Tasawa, ni da yayana. Shi dai cewa ya yi buhun wake zai kai wa ƴarsa da ke karatu a Maraɗi. Ni abin da ya fito da ni daban ne. Tun kaka mutumin nan ya ajiye ƙwayoyinsa na hawan jini, wai ya ji a gari cewa ƴar tasa ta gano maganin cutar a cikin wake. Bai tambaye ta ba fa. Ƴar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zauna hira da ita. Sai ya duƙufa cin wake safe da yamma, da gishirinsa da kanwarsa, yana alfahari a majalisa alhali kai na sara masa.

Hanya ba laifi, in ban da ramukan bayan Gazawa. A Cadawa muka karya da ƙosai. Kuɗinsa na nan yadda na san shi, ƙosan ne ya rame. Maraɗi kuwa, kai jama'a! Ƴan kabu-kabu kamar su bi ta kan mutum.

A unguwar Zariya yarinyar ta tarbe mu, ta wuce da mu ɗakin bincikensu. Uban ya toge a bakin ƙofa yana kallon rufi, ita kuma ni take yi wa bayani da ƙarfi don ya ji. Ta ɗago wata ƴar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, da farin gari kaɗan a gindinta. Ta ce abin da ke gina jiki a cikin wake kamar dogon carbi yake. Su kan yayyanka shi da irin ruwan da cikinmu ke narka abinci da shi, sai wasu guntayen su tare abin da ke matse jijiyoyin jini. Wake fa! Wanda nake surfawa tun ina yarinya. Allah mai iko.

Washegari muka je Tibiri, gidan wata tsohuwa mai daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, ƴaƴan yakuwa. Tun daga zaure warin ya yi mana maraba. Yarinyar ta ce ruɓar da gurguzun ma irin wannan yankan yake yi, ba inji ba lantarki. Na tsaya ina kallon tukunyar nan baki sake.

Daga can sai Jiratawa, inda take karɓar iri wurin manoma. Ga rani tsababa, ga zogale kore shar iya ganinka, ruwa na gudu a kwalbati. Ina cikin tasbihi na ga yaya ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Yarinyar ta zaro abin awon tansiyo, wato hawan jini, daga jaka ta miƙo mini na ɗaura masa. Tana ganin lambar fuskarta ta sauya. Nan na fasa mata zancen ƙwayoyin.

Sai ta ce, "Gwaggo, ki gaya wa Baba a cikin kwalba kawai muka gani, ba a gwada wa ko mutum ɗaya ba. Aikin nan sai ya ci shekaru. In ya tafi ya bar ni, wa zan nuna wa?"

Ban samu bakin isar da saƙon ba. Yaya ya ɗago kai ya dube ta ido da ido. Ya kira sunanta, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce, "Tashi ki kai ni wurin likita."

Mun dawo Tasawa lafiya, da ƙwayoyin farmasi a aljihunsa, an kuma rage gishirin gidan. Na ga abin mamaki a cikin wake, na kuma gane cewa kunyar nan tamu ta kusa raba yarinya da ubanta. Yanzu kullum da safe takan buga waya ta ji ko ya sha magani, kuma shi da kansa yake ɗauka.