Dardumar Inna da Injin Zuƙar Ƙura

Majon likitar Dungas, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, shi ne ya faɗa mini a fili, ranar da muka sake kai masa Inna numfashinta yana sarƙewa. Ya ce, "Hajiya, ƙura ce ke tayar wa tsohuwar nan da fuka. Me ke shimfiɗe a ɗakinta?" Na ce darduma ce babba mai gashi, irin wadda muke kira moket. Ya ce to, ko a fitar da ita, ko a raba ta da ƙura, in ba haka ba wata rana ba za mu iso wurinsa a kan lokaci ba.

Maganar fitar da ita ba ta taso ba. Ƙanena ne ya sayo ta, shi ya shimfiɗa ta da hannunsa ana gobe zai tafi Libiya, kuma tun daga nan labarinsa ya yanke. Inna ba ta yarda ko gefenta a ɗaga. Tsintsiya kuwa tayar da ƙurar take yi, ba ta kwashewa. Saboda haka na shirya, na hau mota zuwa Magariya, inda aka ce akwai wani mai butik, wato kanti, da ke kawo tsofaffin kayan wuta daga Kano.

Injuna biyu na tarar a wurinsa, duka masu tsayuwa, kowanne da mariƙi a sama, ana tura shi gaba a jawo baya. Ɗaya baƙi ne, da jakar ƙyalle a bayansa da buroshi mai juyawa a ƙasa. Shi zuƙa kawai yake yi. Ɗayan ja ne, da robobi biyu, yana fesa ruwan sabulu ya kuma tsotse shi.

"Wannan jan shi ne naki, Hajiya," in ji mai butik ɗin. "Wanka yake yi wa darduma kamar amarya."

"Ba amarya na zo saya wa ba. Tsaya in yi tambayata bi da bi."

Ya yi dariya. "Ikon Allah. A lekol kika taɓa koyar da ɗalibai?"

"Ban koyar ba. Na farko: idan ya wanke, yaushe za ta bushe?"

"Ki baza ta a rana mana."

"Ba a ɗaga ta."

Ya dube ni kamar na faɗi abin da ba a faɗa. Lokacin damina ne, kuma majo ya gargaɗe ni cewa rima ma tana tayar da ciwon. Ga gara, wadda da ta ji danshi take bi. Na biyu, na tambaye shi sabulun, ya ce irin nasa ne na musamman, sai an aika Kano. Na uku, na ɗaga jan na ji nauyinsa, na san ba zan iya turawa kowace safiya ba. A nan na cire shi daga raina.

Saura baƙin. Na ce sai an gwada a gabana. Ya yi tsaki, amma ya shimfiɗa wani guntun darduma a kan simintin butik ɗin, ya ɗebo ƙasa daga bakin ƙofa ya watsa. Injin ya ɗauki ƙara, ya bi ta kai sau ɗaya, ƙasar ta ɓace. Na durƙusa na shafa da tafin hannu, na duba. Fes. Na tambayi ko wutar gida za ta ɗauke shi, ya ce za ta ɗauka. Na tambayi yadda ake zazzage jakar, ya nuna mini. Na biya, na rungumo shi har Dungas, ina ganin ban bar wata tambaya ba.

Washegari da hantsi akwai wuta. Na tsara aikin kamar yadda na saba. Na fitar da Inna rumfa, na aje mata kujera da abin shaƙar maganin fukarta a gefe. Na kwashe kwanuka da akwati. Na buɗe taga.

"Ke, wannan abin ba zai cinye mini gashinta ba?" ta ɗaga murya daga rumfa.

"Ba ya cin komai sai ƙura, Inna."

"Haka aka ce da akuyar maƙwabta. Kada ki ɗaga ta, na gaya miki."

Na kunna. Na fara daga ƙuryar gado, layi layi, ina dawowa bakin ƙofa. Ban kai rabin ɗakin ba jakar ta kumbura ta yi nauyi. Na kashe, na kai bayan gida na zazzage. Na ce a raina, lallai wannan ƙura ta shekaru ce. Na dawo na sake bin inda na riga na bi, don in tabbatar. Jakar ta sake cika. Na tsoma hannu cikin abin da na zubar, na murza. Rairayi ne fari mai laushi, ba ƙurar takalmi ba.

Na san shi. Mu nan mata rairayi muke ɗebowa mu tankaɗe mu malala a ɗaki, sa'an nan a shimfiɗa tabarma a kai. Ɗakin Inna bai taɓa ganin siminti ba. Ƙanena a kan rairayin ya ɗora dardumar, ko leda bai sa ba. Ashe ƙasan ɗakin injin ke jawowa ta cikin saƙar.

Na koma da sauri. Hasken taga ya nuna mini abin da ban lura ba ina aiki: ɗakin ya cika da wani farin hazo, garin da ya fi laushi yana ta fita ta jikin jakar ƙyallen. Inna kuma tana tsaye a tsakiyarsa. Ta shigo ta duba ko na ɗaga gefen.

"Inna, fita!"

Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai tari. Ta dafa bango. Na ji wannan fito da ƙirjinta ke yi, siriri, wanda na fi tsoro a duniya. Na kama ta na ja ta waje, ƙafafunta suna jan ƙasa. Na zaunar da ita, na ɗauki abin shaƙar. Na fesa, ba ta iya ja ba. Leɓunanta sun fara canza launi, idanunta suna kaina.

"Dube ni. Fitar da iska tukuna. Yanzu ja. Ja, Inna!"

Na sake fesawa. Na leƙa ta kan katanga na ƙwala wa maƙwabciyata kira ta tsayar da kabu-kabu. Na dawo na tallabe bayanta ina ce mata ta ja, ta riƙe, ta saki. Mai babur ya iso yana jira a ƙofa, injinsa a kunne. Sai a hankali fiton ya fara sassautawa. Kafaɗunta suka sauka. Duk da haka na kai ta likita, ina riƙe da ita a baya, kuma majo bai sake mu ba sai bayan la'asar.

Da muka dawo ban bar ta ta shiga ɗakin ba. Na zaunar da ita a nawa, na durƙusa a gabanta, na faɗa mata komai a jere. Injin ba shi da amfani muddin rairayi na ƙasa. Rairayin shi ke fitowa duk takun da ta yi, tun ba yau ba. Sai an naɗe dardumar, an kwashe shi, an zuba siminti, ya bushe, a mayar da ita.

"Shi ya shimfiɗa ta," ta ce, muryarta a dishe.

"Na sani."

"In ya dawo ya tarar an taɓa?"

"Inna, in ya dawo ke zai nema. In ban taɓa ta ba, ban san ko zai same ki ba."

Ban taɓa yi mata magana haka ba.

"Ba magini ne zai naɗe ta ba," ta ce daga baya. "Ni da ke."

Da safe na yayyafa ruwa, na ɗaure mata hanci da baki da ɗankwali. Ta kama gefe guda, na kama ɗaya, muka naɗe ta a hankali tun daga ƙuryar gado. Ta sa aka kai ta ɗakina, aka jingine kusa da inda take kwana, sa'an nan ta ce in je in kira maginin.