Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Shekarar da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa da kowa, makarantar Sharaɗa ta cika da yara, malamai kuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙu da kamfanonin fata na neman masu iya rubutu, albashinsu kuma ba ya latti. Hedimasta Haruna ya san alamar mai shirin gudu: ya fara sa riga mai guga, a fara ganinsa a ƙofar kamfani, shi ke nan an yi asararsa.

Malam Ashafa ne kaɗai ya rage a aji ɗaya. Mutum ne gajere, ɗan wani ƙauye a ƙasar Gumel, mai keke ɗaya da tarin alli a aljihu. Sa'o'insa duk sun zama akawu, shi yana nan yana rera a-ba-ca-da. Wannan zaman nasa shi ya fi damun Hedimasta, don ruwa ba ya tsami banza. Ko dai yana jiran babbar kujera ne?

Sai ga labari: kullum aka tashi, Malam Ashafa na tsaye a ƙofar wata masaƙa lokacin canjin ma'aikata. Hedimasta bai tambaye shi ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ya wuce ofishin ilimi, ya ce malamin aji ɗaya ya kama hanya, a karɓe ajin a ba wani.

Ran Laraba ya bi shi a kan babur don ya kama shi dumu-dumu. Jiniya ta yi kuka, ma'aikata suka fito da auduga a gashinsu. Can ya hango Malam Ashafa a tsakiyar wasu 'yan Damagaram, ya ɗora hannun dama ta saman kai yana taɓa kunnen hagu. Haka ake gwada yaro a lokacin, tunda ba takardar haihuwa: in hannu ya kai kunne, ya isa shiga makaranta. Mutanen kuwa sai kallonsa suke a ɗarare, kamar mai karɓar haraji.

"Malam Ashafa, yaushe za ka fara aiki a nan?" in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ai sun neme ni, na ƙi. Iyayen yaran da muka mayar bara nake bi. Ba sa samun zuwa makaranta saboda aiki, shi ne nake nuna musu su sake gwadawa a gida."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Ni ma da aka zo ɗibar yara garinmu hannuna bai kai ba. Aka ce sai baɗi, ba wanda ya dawo. Da na samu shiga daga baya, sai da na fara gemu ina zama da ƙannena a aji. In na tafi, wa zai tuna da waɗanda aka ce wa sai baɗi?"

Kunya ta rufe Hedimasta, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya duba agogo: saura kaɗan a rufe ofishin ilimi.

"Lafiya, ranka ya daɗe?"

"Akwai maganar da zan je in janye," in ji shi, ya buga babur. "Gobe kada ka makara, ajinka na jiranka."