Kabarin da ke Bayan Ɗakin Iyatu

Iyatu mai fura maƙwabciyarmu ce a Sakkwato, matar Mode mahauci. Ranar da Nasara suka shigo gari kowa ya gudu, kuma a cikin turmutsutsun nan ɗanta Siddiƙu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya kuɓuce mata. Ɗan fari ne, saboda haka ko a wannan rana kunya ta hana ta kiran sunansa. "Kai! Kai yaro!" kawai take yi. Wane yaro zai waiwayo, gari cike da yara? Har yau abin yana ƙona mini rai.

Ba ta sake haihuwa ba, barci ma ya ƙaurace mata. Bayan wasu shekaru magina suka tono wani ɗan ƙoƙon kai a ramin ƙasa kusa da inda ta rabu da yaron. Iyatu na gani ta ce shi ne. Mode ya juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya sa aka naɗe shi a farin ƙyalle aka binne bayan ɗakinta. Daga ranar ta fara cin abinci, har dariyarta muka sake ji. Kullum sai ta share wurin kafin ta ɗora tukunya.

Wata damina katangarsu ta faɗi, ruwa ya tone kabarin. Wani mai shisshigi ya kai magana bariki cewa an ga ƙashin mutum a gidan Mode. Sai ga likitan Nasara da tafintansa. Likitan nan ba shi da abin so kamar ƙasusuwa, har na cikin duwatsun Kalambaina tarawa yake yi. Ya duba gurbin haƙoran, ya shafa goshin, ya yi murmushi irin na mai kawo albishir.

Tafinta ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, biri na. Ya ce ƙirar biri da ta mutum kusa su ke, shi yas sa ake ruɗewa. Dubi gurbin fiƙa."

Likita ya roƙi a ba shi ƙoƙon kan, ya sa a aljihu ya tafi, yana ganin ya yi taimako.

Iyatu ta juya wajen mijinta, mutumin da ya tsufa yana fasa kawunan dabbobi.

"Malam, ka sani?"

"Tun randa anka kawo shi," in ji Mode, kansa a ƙasa. "Na ga kin samu barci."

"To, yaron hwa? Shina ina?"

Ta dubi ramin da ruwa ya cika, ta fita ƙofar gida ko mayafi babu, ta bi hanyar da suka gudu a wancan lokaci. Muna ji tana kwala kira, karon farko a rayuwarta: "Siddiƙu! Siddiƙu!"