Teburin Sulhu

Shekara talatin Kafinta yana gyaran bencinan coci, yana roƙon Yesu salama mai ɗorewa. Sau uku rikici ya cinye unguwarsu. Kowane karo akwatunan gawa yake fara haɗawa, sannan teburin da manya za su zauna a yi sulhu, a sha hannu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. A karo na uku, gawar ɗansa na fari ya auna wa akwati.

Da aka sake kiran taro, Fasto ya zo neman sabon tebur. Kafinta ko zarto bai ajiye ba.

Ya ce, "Fasto, tsohon yana nan, ko ƙwarzane babu. Akwati ne ba ya dawowa."