Ɗakin Gindin Magarya

Abin da zan faɗa ya ɗan kwana biyu, kuma ban amince da tunanina ɗari bisa ɗari ba. Wasu abubuwan na gani da idona, wasu gaya mini aka yi, kuma yanzu ba kullum nake iya raba su ba.

Bayan na gama jami'a aka tura mu, mu ƴan kaɗan, wani gajeren horo a Amurka. Ranakun hutu masu masaukinmu sukan kai mu kallon tsofaffin gidaje da aka adana don tarihi. Wanda na fi tunawa wani farin gidan katako ne a bakin kogi. Masu shi sun mutu tun kafin a haifi kakana. Wata dattijuwa ce ta zaga da mu. Ta nuna mana gadon da matar gidan ta haihu a kai, da kujerar da mijin yake zama, da ƴan ɗakunan baya inda bayinsu suke kwana. An gitta igiya a kowace ƙofa, a leƙa amma kada a taɓa. Da muka iso ɗakin matar gidan sai na ji bakina ya yi sallama, na kuma tsaya jiran amsa. Abokan tafiyata suka yi ta dariya. Daga baya dai na leƙa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowane ɗaki dattijuwar nan ta san wanda ya kwana a ciki. Ni kuwa ban san ɗakin da mahaifiyata ta girma ba.

Mahaifiyata ta rasu ina ajin farko a lakwal, wato makarantar boko. Ita ma marainiya ce. An riƙe ta a gidan wani attajirin gyaɗa a tsohuwar unguwa nan Matameye, daga can aka kai ta ɗakin miji. An ce a gidan aka yaye ni. Na shiga ina ƙarami, amma abin da ya rage a kaina bai wuce inuwar wata magarya da ƙamshin ƙuli-ƙuli ba. Da na girma sai zaure ya zama iyakata, kamar kowane baligi da ba ɗan gida ba.

Na dawo cikin rani, lokacin da rabin mazan unguwa ke Najeriya. Attajirin ya daɗe da rasuwa. Cikin tsofaffin gidan saura Hajiya, matarsa, wadda ita ta riƙi mahaifiyata. Na je da hantsi. Zanen gaban gidan ya zube sai ɗan gefe, zankwaye biyu sun guntule. Na yi sallama a zaure, na zauna a kan dakali. Can sai ga ta da sanda.

"A'a, angona ne? Ka je ƙasar Turawa ka dawo, ko turare babu?"

"Na kawo, Hajiya. Ga shi."

Ta sansana kwalbar, ta yamutsa fuska. "Wannan ai na ƴan mata ne. Ka yi mini kishiya ke nan." Ta dai cusa shi cikin zaninta.

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ɗakin gindin magarya. Nan take kwana da ni har aka ɗauke ta. Magaryar ta daɗe da faɗuwa, amma ni na san wurin. Tashi mu je."

Na miƙe. A daidai lokacin na ji dakan da ake yi a ciki ya tsaya, wata ta ruga, ƙofar langa-langa ta rufe. Matar jikan Hajiya ce. Jikan shi ne mai gidan yanzu, yana Legas yana sayar da shayi, kuma a bangon zaure na biyu an rubuta da gawayi cewa ba a shiga. Na koma na zauna.

"Hajiya, mai gidan ba ya nan."

"Ni ba mutum ba ce? Na wanke maka kashi a tsakar gidan nan."

"Haka ne. Amma ina ga gara a tambaye shi."

"Kai dai da tsoro, kamar uwarka. Ita ma sai ta yi sallama sau nawa kafin ta shigo ɗakin da take kwana."

Wannan maganar ita ce kaɗai sabon abin da na samu game da halin mahaifiyata a ranar, kuma har yau ina juya ta.

Na kira jikan a salula. Ana ta hayaniyar motoci a bayansa. Bai ƙi ba, a iya fahimtata. Cewa ya yi, "Haba yaya, kai da gidanku? Amma bari in dawo farkon damina, ni da kaina zan shiga da kai, a yanka maka kaza." Mai yiwuwa karramawa yake nufi. Mai yiwuwa kuma hanyar cewa a'a ce cikin ladabi. Ban sani ba. Na amsa da to.

Hajiya ta ji komai. Ta ce, "Damina. To, Allah ya kai mu." Ta shige ciki, ina jin sandarta tana nisa.

Aiki ya kai ni Damagaram. A tsakiyar zafin bazara aka kira ni aka ce Hajiya ta cika. Na zo gaisuwa, na zauna a kan tabarma a ƙofar gida tare da maza. Ba lokacin da mutum zai tambayi ɗaki ba ne. Bayan an raba gado, magada suka sayar da gidan ga wani da zai gina shaguna na bulo.

Jikan bai manta alkawarinsa ba, wannan ya kamata in faɗa. Shi ya aiko mini cewa an fara rushewa, in zo. Na tarar an kwashe kaya, an ɗaye rufin, an jera azarori a waje don sayarwa. Babu mace ko ɗaya a ciki, don haka babu mai hana kowa shiga. Har awaki sun shiga. Na yi sallama a zaure na biyu duk da haka, babu wanda ya amsa, na wuce.

Tsakar gidan ta fi ta cikin kaina ƙanƙanta. An zuba tulin yashi a tsakiya. Ɗakuna sun kewaye ta, duk a buɗe ga sama, bangonsu da baƙin hayaƙi da ramukan ƙusoshi. Na tambayi jikan inda magaryar take. Ya ce shi a Kano ya tashi, bai tarar da ita ba, amma yana jin wajen gabas ne. Wani maƙwabci dattijo da ya leƙo ya ce yamma, don rassanta kan sauko ta katangarsa. Da na ƙara tambayarsa sai ya ce ko kuwa dalbejiya ce wannan.

Na shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, na gabas da na yamma, na ɗan tsaya a kowanne. A ɗaya akwai ƴar alkuki a bango inda ake ajiye fitila. A wani an bar murfin kwano. Ban ji komai na daban a ko ɗaya ba, ko da yake na so in ji. Na yi wa mahaifiyata addu'a a cikin dukkansu, don kada in tsallake nata. Masu rusau suna jirana da digoginsu, sai na fito.

Yanzu shaguna ne a wurin, ɗaya ana cajin salula, ɗaya ana sayar da taki. Nakan bi ta gabansu ranar kasuwa.

Na san akwai matan da suka yi daka a tsakar gidan nan, wasu an aurar da su Yauri, wasu Ɗan Barto, wasu sun tsallaka iyaka. In wata cikinsu ta ji wannan labari, ko ɗanta ya karanta mata, ina roƙo ta aiko a gyara mini duk inda na kuskure. Ta kuma gaya mini, in ta tuna, ta wane gefe magaryar take.